Ranar da Muka Tono Manthos

Matula ta sauko daga motar birni da jaka biyu, ɗaya ta tufafi ɗaya ta littattafai. Ni na je tarbarta a dandali, domin uwarta Evanthia ta daɗe da daina zuwa ko'ina in ba maƙabarta ba. Na tambaye ta ko tonon yayanta ta zo ko makaranta za ta buɗe mana. Ta ce jarrabawar ƙarshe ke jiranta mako mai zuwa, in ta faɗi sai ta maimaita shekara. Na ɗauki jakar tufafin na bar mata mai nauyin, tunda ita ta jajibo wa kanta.

Sunana Froso, ni ce yayar ubanta, marigayi Anestis. Katanga ɗaya ta raba gidana da nasu, don haka ba abin da ya taɓa faruwa a gidan nan da ya wuce kunnena, har da abin da na so a ce ban ji ba.

Manthos, yayan Matula, ya cika shekara biyar a ƙasa, lokacin tono shi ya yi. Mu nan gindin dutsen Olimbos aron kabari mamaci yake yi. In wa'adi ya cika sai mata su taru su tono shi, a wanke ƙasusuwan da giyar inabi, a zuba a akwati a kai ɗakin ƙasusuwa da ke bayan coci, sannan uwa ko matar mamacin ta tuɓe baƙaƙen kaya. Tonon kansa ba ya ba kowa tsoro, abin da za a tarar ne ke hana barci. In ƙashi ya fito fes, ƙasa ta cinye nama tas, an yafe wa mutum ke nan. In kuwa aka tarar da tsoka ko gashi a manne, to akwai zunubi ko baki a kansa, sai a mayar da shi a rufe, gari kuma ya samu abin taunawa har jikoki.

Baki kuwa akwai shi a kan Manthos, kuma na uwarsa ne. Ranar da ya ce ya gaji da gonar taba zai bi jirgin ruwa na dakon kaya, tun safe suke sa-in-sa. Da ya saɓi jakarsa, Evanthia ta biyo shi har bakin titi, ɗankwali a hannu, ta ce, "Je ka, kada ƙasa ta ci ka." Na ji, Vangelio mai gidan da ke kallon nasu ta ji, abin da Vangelio ta ji kuwa duk ƙauye ya ji. Ba nufinta ba ne, wace uwa ce ba ta taɓa suɓutar baki ba? Sai dai shekara ba ta zagayo ba jirgin ya nutse da mutanensa cikin hunturu. Bayan makonni teku ta amayo gawa guda a gaɓar wani tsibiri, Anestis ya je ya duba. Fuska babu, ruwa ya gama da ita, amma ya gane suwaitar da Evanthia ta saƙa da hannunta, ya ce ɗansa ne. A akwatin da aka buga wa ƙusa aka kawo mana shi. Shi ma Anestis bai yi nisa ba ya kwanta dama.

Tun daga ranar Evanthia ba ta ƙara sa nama a baki ba, ba ta je bikin kowa ba. Kullum yamma tana can tana goge dutsen kabarin, tana ƙara man zaitun a fitila, tana ba shi haƙuri. Mace ce da a da in ta yi dariya ana ji daga majalisar masu shan gahawa, sai ga shi ta koma kamar tsinken tsintsiya. Ni ba gwanar lallashi ba ce, faɗa na iya, faɗan nake yi mata ta ci abinci, tana kallona kamar da bango nake magana. Abin da ya riƙe ta a duniya guda ne, ta ga ko bakinta ya kama ɗanta ko bai kama ba.

Kwanakin da suka rage kafin Asabar ɗin tono, ni na zama malamar Matula dole. Da rana muna ƙarƙashin rumfar inabi ina ɓarar wake, sai ta ajiye min 'yan katuna a cinya ta ce in riƙa tambayarta. Karatun nata wai sanin ɗan Adam. Na ce na haura sittin ina fama da ɗan Adam ba wanda ya ba ni takarda. Ta ce fanni uku za a tambaye su: al'adun mutum, da jikinsa, da abin da ya bari a cikin ƙasa. Wai ƙa'idar farko, kada ka auna al'adar wasu da mudun garinku. Na ce to a je a karanta wa surukar Vangelio, 'yar birnin nan da ta ce tono mamaci ƙazanta ne, alhali ita ko tukunyarta ba ta iya kankarewa.

Akwai katin da ya tsaya min a rai. Wai duk inda mutane suke a duniya, in wani zai sauya matsayi, aure ne ko mutuwa, sai an fara raba shi da inda yake, ya zauna a tsakani ba nan ba can, kafin a shigar da shi sabon wuri. Matula ta ce Mama da Manthos duk a tsakanin nan suke, tonon shi ne zai fitar da su. Na ce wannan ai kakata ta sani ba tare da jami'a ba, amma na yarda an faɗe shi da kyau. Na masu tonon tarihi kuwa dariya ya ba ni: ƙasa hawa-hawa ce, na ƙasa ya girmi na sama, a riƙa bi da ɗan buroshi kamar mai yi wa amarya kwalliya. Na ce in da haka muke tono da har yanzu ba mu kai ga kakana ba.

Na ƙasusuwa ya fi ba ta wuya, shi muka fi maimaitawa. Ƙugun mace ya fi na namiji buɗewa. Ɗinkin da ke ƙoƙon kai yana shafewa in shekaru sun ja. Haƙorin da ya fita mutum yana raye, raminsa cikewa yake yi, wanda ya fita a kabari kuwa ramin yana nan a buɗe. Karaya in ta warke tana barin tudu. Tana rufe ido tana zubo su kamar mai addu'a, ni ina cewa daidai ko ban gane ba.

Rannan ta so ta yi wa uwarta amfani da karatun. Muna cin miyar wake, ta ce Mama ta kwantar da hankalinta, ruɓewar gawa ba ruwanta da baki, magana ce ta ƙasa da ruwa. Laka tana riƙe jiki, yashi yana sakinsa, kabarin Manthos kuma a gefen tudu yake. Evanthia ta ajiye cokali.

"Littafin naki ya taɓa haihuwa?"

Matula ta mayar da ido kan kwanonta. Na zungure ta da ƙafa ta ƙarƙashin tebur don kada ta ƙara wata magana. Na tausaya mata, don da kyakkyawar niyya ta faɗa.

Asabar da hantsi mata suka cika maƙabarta. Maza sun ɗauke dutsen tun jiya, suka koma bakin shinge suna shan taba, don wannan aikinmu ne. Vangelio ta kafa kanta a wajen kai, inda ba abin da zai wuce idonta. Aka fara waƙoƙin makoki, ni na fara sa shebur, wasu suka karɓe ni. Da ƙasa ta sauya launi, ruɓaɓɓen katako ya fara fitowa, aka ajiye shebur aka koma ƙaramar fartanya, daga nan sai hannu. Evanthia tana durƙushe a bakin ramin, ba ta waƙa ba ta kuka. Ni kaina addu'a nake yi a zuci, don na san in aka ga ko silin gashi ne a manne, gawa biyu za mu rufe a ramin nan.

Ni na fara taɓa ƙoƙon kan. Na zaro shi a hankali, na share ƙasar da tafin hannu. Fes yake, ruwan zuma-zuma, ba ko ɗigon abu a jikinsa. Na naɗe shi a farin ƙyalle na miƙa wa uwarsa. Kukan da ta yi ban taɓa jin irinsa ba, kukan wanda aka sauke wa dutse daga ƙirji ne. Ta sumbaci goshin, ta rungume shi tana jijjigawa tana kiran sunansa na yarinta. Mata suka shiga yi mata barka da dawowarsa. Har Vangelio sai da ta ce kai, wannan yaro ya samu gafara, ko da yake ta faɗa kamar wadda aka ƙwace wa tuwo a baki.

Aka riƙa miƙa kan hannu zuwa hannu, kowa ya gaishe shi. Ni ina cikin rami ina miƙo sauran. Da na ɗago da muƙamuƙi, Matula ce a kusa, ita ta karɓa. Na ga ta juya shi, ta sa babban yatsa ta shafa inda haƙoran ciki ya kamata su kasance. Sai na ga fuskarta ta sauya. Na ɗauka ganin ɗan'uwa ne a haka, don ƙashin makaranta daban, na gida daban.

Ba a rufe rami sai an tabbatar ba a bar ko ɗan yatsa ba, don mutum ya tashi ranar ƙiyama cikakke. Evanthia ta share hawaye ta ce tunda Allah ya ba su 'yar boko a gida, Matula ta ƙirga yayanta. Karo na farko ke nan da na ji ta yi alfahari da karatun yarinyar. Matula ta durƙusa ta jera su a kan farin zane, kowanne a mazauninsa, har mata suna mamaki. Da ta zo kan ƙasusuwan baya, ta daɗe tana juya su ɗaya bayan ɗaya. Ta ce sun cika, ta miƙe ta ce za ta ɗebo ruwa. Na fito daga rami na bi ta.

Famfon yana bayan ɗakin ƙasusuwa, ba mai hangen mu. Ta buɗe shi ta bar ruwa yana zuba a ƙasa.

"Goggo, ba shi ba ne."

Na ce ta wanke fuskarta, rana ce ta buge ta.

"Ba rana ba ce. Mutumin nan ya haura sittin. Haƙoransa na ciki sun zube tun yana raye, ramukan sun cike sun shafe. Ƙashin bayansa duk gefensa ya yi tsiro-tsiro saboda tsufa da ɗaukar kaya. Yaya Manthos shekararsa ashirin da huɗu, da haƙori yake fasa gyaɗar dutse, ke ma kin sani."

"Ke da ba ki ci jarrabawar ba tukuna?"

"Wannan ko ɗan aji ɗaya ba zai kuskure ba."

Na so in mare ta, wallahi na so. Ba don na ɗauka ƙarya take yi ba, sai don na san ba ta yi. Nan take na tuna Manthos ya taɓa ce mana a waya akwai wani tsohon kuku a jirginsu mai fama da tari, kullum yana rawar sanyi. Halin yaron ne ya tuɓe rigarsa ya ba wani. Anestis suwaita ya gani, kuma uban da aka kai gaban irin wannan gawa ba zai ce a buɗe mata baki ya duba ba. Ashe shekara biyar Evanthia tana ba wani tsoho haƙuri, ɗanta kuwa yana can ƙarƙashin teku, inda babu ƙasar da za ta ci shi. Da wannan ya faɗo min sai da na dafa bango.

Matula ta ce tsohon ma yana da nasa mutanen, wataƙila akwai wata can da ba ta da ko kabarin da za ta kunna wa fitila. Ta ce abin da aka koya musu shi ne a mayar wa mamaci sunansa, don haka ake karatun tun farko. Na ce gaskiyarta, amma ni ban san waccan ba, wannan na sani.

"Kin ji abin da ta ce masa a bakin titi, kina nan a tsaye da ɗan siket ɗinki. In kika gaya mata teku ce ta riƙe shi, me kike tsammani za ta ji? Ki bari sai kin shirya zuwa jana'iza, sannan ki faɗa."

"To in yi ƙarya ke nan, Goggo?"

"Ba wanda ya tambaye ki komai. Ki ja bakinki ki yi shiru, shiru ba ƙarya ba ne."

Ashe na yi saurin magana. Da muka koma da tulun ruwa, mun tarar Evanthia tana zaune a gaban zanen tana ba mata labarin yadda Manthos ya faɗo daga itacen ɓaure yana ɗan shekara tara, ya karya hannun hagu, aka kai shi wajen mai ɗori a kan jaki yana zagin jakin. Har dariya take yi. Tana ganin 'yarta ta ce, "Zo, malama, nuna min inda ya karye. Ai kin ce yana barin alama."

Kowa ya miƙo wuya. Matula ta durƙusa ta ɗauki ƙashin hannun. Ni da ban yi boko ba na ga santsinsa daga sama har ƙasa, ba tudu ba komai. Ta daɗe tana riƙe da shi. Na kafa mata ido, ita kuwa ba ta dube ni ba. Sai ta kama yatsan uwarta ta ɗora a tsakiyar ƙashin.

"Nan ne, Mama. Ƙashin yaro ne lokacin, ya haɗe sumul."

Evanthia ta shafa wurin, ta sumbace shi, ta ce mai ɗorin nan Allah ya ji ƙansa, ya iya aikinsa. Fada Sotiris, limamin cocinmu, ya iso da turarensa, ya yi addu'a, ya zuba giya a kan ƙasusuwan da alamar gicciye. Muka wanke su ɗaya bayan ɗaya, muka shanya, muka jera a akwatin ƙarfe da aka rubuta sunan Manthos aka manna hotonsa. Aka raba dafaffiyar alkama mai zuma da rumman, kowa ya ci ya ce Allah ya gafarta masa. Ni ma na faɗa, na bar wa Allah ya san wanda nake nufi.

A gida an yanka rago. Evanthia ta shiga ɗaki ta fito da shuɗin ɗankwali, ta zauna ta ci nama har da tsotsar ɓargo, ta tambayi labarin auren da aka yi bara da waɗanda suka haihu. Mutane suna ta cewa ta dawo. Da gaske ta dawo, kuma ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba, ina kallon farin cikin da na san a kan me yake tsaye. Matula ta yi ta kai faranti tana kawowa, ba ta zauna ba balle ta ci. Da yamma na leƙa na gan ta a rumfar inabi da littafin ƙasusuwan a rufe a cinya. Na ce ko in yi mata tambayoyi, ta ce a'a, wannan fannin ta iya shi.

Washegari muka raka ta mota mu biyu. Rabon Evanthia da dandali tun kafin a kawo akwatin nan, har masu shan gahawa suka miƙe suna gaishe ta. Ta cusa wa yarinyar cuku da burodi a jaka, ta ce ta je ta ci jarrabawarta, yanzu ta yarda karatun yana da amfani. Mota ta tsaya, direba yana ɗora kaya. Sai ta kama hannun Matula da hannu biyu.

"Saura abu ɗaya. In nawa lokacin ya yi, ke za ki tono ni, ba na son hannun kowa. Ki ƙirga ni kamar yadda kika ƙirga shi. Kada ki sai min wani akwati, ki buɗe nasa ki zuba ni a ciki, ki sa kaina kusa da nasa. Na kore shi sau ɗaya, ba zan ƙara rabuwa da shi ba. Ki yi min alkawari."

Matula ta dube ni. Ni da bakina bai taɓa mutuwa a gaban kowa ba, na sunkuyar da kai ina gyaran igiyar jaka.

"Na yi alkawari, Mama."

Ta shiga mota ta zauna a gefen da ba ya kallonmu. Evanthia ta yi ta ɗaga hannu har motar ta sha kwana, sannan ta riƙo hannuna ta ce mu biya ta bayan coci, tana so ta gaya wa ɗanta.